Yadda Ake Kafa Dandali Mai Matakala Ya Zama Matattarar Al'adun Gari

Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa ya taso da dandalinsa, wato filin da 'yan mata suke gaɗa idan farin wata ya fito, samari suke langa da kokawa, makaɗa kuma suke sauka da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Yayin da birane suka cika suka batse, yawancin waɗannan filaye sun koma filotai da shaguna, har ya zamana mai son kallon wasa sai ya kama hayar ɗakin taro mai tsada, ko kuma ya haƙura da abin da wayarsa ta nuna masa. Dandali mai matakala, wanda ake gina masa dakali hawa-hawa a kewayen fage kuma a bar samansa a buɗe, hanya ce mai sauƙin kuɗi ta dawo wa gari da wurin haɗuwarsa. Wannan bayani na ƙungiyoyin unguwa ne da shugabannin ƙananan hukumomi da makarantu da duk wani mai hali da yake son yi wa garinsu wannan aiki, kuma abin da zan fi nanatawa a cikinsa shi ne a tara jama'a tukuna kafin a zuba siminti.

A fara da tabarma

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ba da kwangila, a gina, a yanka kirtani a gaban manyan baƙi, sa'an nan a fara tunanin wanda zai riƙa zuwa. Irin wannan gini yakan yi shekara ɗaya yana sheƙi, daga nan ya zama makwancin awaki da maɓoyar masu shaye-shaye. Dandalin Jama'ul Fana da ke birnin Marakish na ƙasar Maroko ba shi da dakali ko ɗaya na 'yan kallo, mutane ne kawai suke yin da'ira a kewaye da mai ba da labari ko makaɗi kowace yamma, amma saboda ɗorewar wannan al'ada hukumar UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a shekarar 2001. Taron ne ya yi wa filin suna.

Saboda haka, idan an samu filin da ake sa rai, a share shi, a kewaye fage da igiya, a shimfiɗa tabarmi, a aro bencina daga makarantar da ke kusa, a sa rana ɗaya tsayayya a mako, a riƙa yin wani abu a wurin tun daga ƙarshen damina har zuwa shigowar bazara. A wannan tsakani za a gane abubuwan da babu injiniyan da zai iya faɗar su daga ofis. Za a ga ta ina mutane suke ɓullowa, da inda masu babura suke son ajiye ababen hawansu, da gefen da mata suka fi sakewa su zauna, da inda mai tsire da mai shayi suka kafa teburansu ba tare da an nuna musu ba. A sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta yawan mahalarta kowane mako a littafi, domin wannan adadi shi ne zai faɗi girman ginin da ya kamata a yi. Idan an yi wata uku taron bai wuce mutum ɗari biyu ba, gina wurin mutum dubu biyar ɓarnar dukiya ce, kuma babu abin da yake kashe wa ɗan wasa gwiwa kamar ya ɗaga kai ya ga dakali fayau babu kowa.

Neman yardar masu wuri

Tun kafin taron farko a je a gaida mai unguwa, shi kuma ya yi jagora zuwa ga dagaci da hakimi, sa'an nan a zauna da limamin masallacin da ya fi kusa da kuma magidantan da katangarsu take kallon filin. A gaya musu gaskiyar abin da za a riƙa yi, da lokacin farawa da na tashi, a kuma saurari sharuɗɗansu da kunnen basira. Wannan mataki ya fi kowanne nauyi a wurinmu, kuma tarihi ya nuna dalili. Gidajen silima na farko a Kano, waɗanda yawancinsu buɗaɗɗun sama ne, an gina su ne a wajen ganuwa, kuma tun daga farko aka ɗauke su a matsayin wurin da mutumin kirki, balle matar aure, ba ya taka ƙafarsa. Sunan da suka yi ya bi su shekaru da dama. Dandalin da ya fara da irin wannan tabo da wuya ya wanke kansa, alhali wanda aka buɗe shi da musabaƙar karatun Alƙur'ani ta 'yan Islamiyya, ko da kacici-kacici tsakanin makarantun firamare, iyaye da kansu za su rako 'ya'yansu, kuma wanda ya zo sau ɗaya ya ga mutunci zai dawo ranar wasan kwaikwayo.

Bayan yardar baki sai ta takarda. A Nijeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, don haka dole ne a samu takardar mallaka da ta bayyana ƙarara cewa filin na amfanin jama'a ne, da kuma izinin gini daga hukumar tsara birane. A Nijar ana bi ta ofishin magajin gari. A sa safiyo ya auna iyakoki ya kafa duwatsun shaida, kuma takardar ta fito da sunan kwamitin amintattu mai rajista, kada ta fito da sunan mutum ɗaya komai amanarsa, domin magada ba lallai ne su gaji niyyar mahaifinsu ba.

Zaɓen wuri da fuskar da zai kalla

Wurin da ya fi dacewa shi ne mai ɗan gangare, domin ƙasa ta riga ta yi rabin aikin. Girkawa sun gane haka tun da daɗewa: dandalin Efidauros, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an kwantar da sahunsa 55 ne a jikin tudu, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, kuma har yau ana wasa a cikinsa. Garin da yake da gefen tudu ko fako mai gangare ya yi sa'a. Inda ƙasa take shimfiɗe kuwa sai a yi ciko da jar ƙasa, a riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daɓewa, a kuma bar ta ta sha damina guda ta zauna kafin a ɗora mata dakali, in ba haka ba ginin zai tsage cikin shekara biyu.

Akwai jarabar da ya kamata a guje mata, wato amfani da kududdufi. Tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini yana da siffar kwano, kuma wanda ya gan shi da rani zai ce ai Allah ya kawo dandali a shirye. Amma ramin nan shi ne matattarar ruwan unguwa, kuma ranar da aka toshe shi ruwan watan Agusta zai nemi wata hanya, hanyar kuwa ita ce zaurukan maƙwabta. Ƙa'idar ita ce fage ya kasance sama da inda ruwa zai fita, a ba shi ɗan karkata na kamar santimita biyu a kowace mita, a kuma ja magudana mai murfi daga ƙasan sahun farko zuwa kwalbatin titi.

Fuskar da 'yan kallo za su kalla magana ce da ake raina ta, sai an gama gini a yi da-na-sani. Yawancin taronmu tsakanin la'asar da magariba ake yin sa, lokacin da rana ta sunkuya yamma, don haka idan 'yan kallo suna fuskantar yamma za su wuni suna kare ido da tafin hannu, idan kuma gabas suke kallo to 'yan wasa ne rana za ta kashe wa ido. Daga gabas ne kuma hadari yake tasowa da iskarsa, shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas kauri da yaɓe. Mafi kyau 'yan kallo su fuskanci arewa. Haka Rumawa suka yi wa dandalin da ke tsakiyar birnin Amman na ƙasar Jodan a ƙarni na 2 miladiyya, wanda yake ɗaukar mutum kusan 6,000: sun sassaƙa shi a jikin dutse yana kallon arewa domin rana ta bar idon masu kallo. A wurinmu wannan fuska tana da ƙarin riba, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato daga bayan 'yan wasa zuwa ga jama'a, kuma murya ta fi tafiya idan tana bin iska. Ƙurar da iskar take ɗaukowa kuwa bangon bayan fage zai rage ta.

Awo

Ga lissafin dandalin da zai ishi matsakaiciyar unguwa ko hedikwatar ƙaramar hukuma. A kafa turke a tsakiyar inda fage zai kasance, a ɗaura masa igiya, a zana da'ira mai faɗin mita 10 zuwa 12, wadda ta ishi 'yan dambe biyu da makaɗansu, ko 'yan rawa ashirin. Daga turken a auna mita 7 a zana rabin da'ira, nan ne sahun farko. Kowane dakali ya zama tsayinsa santimita 40 zuwa 45, zurfinsa kuma santimita 85, domin wanda yake zaune a baya ya samu wurin ajiye ƙafa ba tare da ya taka rigar na gabansa ba. Mutum ɗaya yana cin santimita 50 na faɗi, ko da yake wanda ya sha babbar riga ya fi haka, kuma ya kyautu mai lissafi ya tuna da shi. Idan aka yi sahu goma a kan wannan awo, aka cire hanyoyin hawa guda uku masu faɗin mita ɗaya da santimita 20 kowace, wurin zai ɗauki mutum kusan 600, sahun ƙarshe zai kasance ƙasa da mita 15 daga tsakiyar fage, tsayinsa daga ƙasa kuma kamar mita 4.

Wannan kusanci shi ne ƙashin bayan aikin. Idon mutum yana iya karanta fuskar ɗan wasa, murmushinsa da harararsa, har zuwa nisan mita 20 ko kusa da haka, bayan nan sai dai motsin hannu da jiki. Ita ma murya a fili, inda babu rufin da zai dawo da ita, tana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, duk lokacin da nisa ya ninka. Saboda haka ya fi kyau a ƙara kewayen sahu, a zagaye fage ta ɓangare uku, a kan a riƙa tsawaita shi baya. Ɗakin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda wani mai zanen gini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya tsara a 1976, ya bi wannan hikima ne: an gina shi da ƙasa a kan fasalin gidan Bahaushe, zagayayyun ɗakuna da katanga suna kewaye da buɗaɗɗen tsakar gida, kuma ana iya yin wasa a tsakiya jama'a na kewaye, ko a bakin ɗakunan jama'a na tsakiya. Wanda yake da niyyar gina dandali, ziyarar wannan wuri za ta fi masa amfani a kan kallon hotunan gine-ginen Turai. Babban gari mai hali kuwa ya duba Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda da ke Yamai, wadda take aiki tun farkon shekarun 1980, kuma buɗaɗɗen dandalinta yana ɗaukar mutum wajen 5,000, amma ya sani cewa wuri mai wannan girma ba ya yiwuwa sai da lasifika da fitilu da ma'aikata na dindindin.

A bayan fage a tayar da bango mai kauri, tsayinsa kamar mita 3 zuwa 4, mai ƙofa biyu ko uku. Bangon yana mayar da murya zuwa ga jama'a, yana tare hayaniyar titi, yana kuma ɓoye ɗakunan sauya kaya, na maza daban na mata daban, da ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe. Idan akwai magini mai iya zanen gargajiya irin na Zariya ko na unguwar Birni a Damagaram, a ba shi bangon ya ƙawata shi, domin shi ne abin da kowane hoto da aka ɗauka a wurin zai nuna. Shi kansa fagen kada a yi masa daɓen siminti gaba ɗaya. Dambe da kokawa da rawar 'yan hoto suna buƙatar yashi mai laushi, don haka a bar da'irar da rairayi, a tanadi dandamalin katako mai haɗe-haɗe wanda za a kafa ranar wasan kwaikwayo ko muhawara a kuma kwance shi bayan an tashi.

Game da kayan dakali, siminti tsurarsa yana shan rana ya riƙe zafi, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura ma'auni 40, dakalin siminti ba ya zaunuwa har bayan isha'i. Jan bulo ƙonanne ko dutsen marmara sun fi sauƙin zafi a jiki kuma sun fi kyan gani, sai a yi musu shafe mai haske a sama. Inuwa kuwa daga itatuwa za ta zo. A dasa dalbejiya ko maɗaci a jere ta yamma da kudu, bayan sahun ƙarshe, a ba su tazarar mita 5 ko fiye daga gini. Ceɗiya da durumi suna da inuwa mai daɗi, amma saiwarsu tana fasa harsashi, don haka a kai su can wajen da masu abinci za su zauna. A dasa su tun a shekarar tabarma, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, domin itace ba ya jiran ranar buɗewa.

Ƙofofi da lafiyar jama'a

A nan babu sassauci. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum fiye da 300 suka rasu, kuma har yau tsofaffin birnin suna ambaton ranar. Buɗaɗɗen dandali ba shi da rufin da zai kama wuta, amma turereniya ita kaɗai tana kisa, kuma tana iya tashi daga abu ƙanƙane kamar ihun ɓarawo ko saukar ruwan sama ba zato. Wurin mutum 600 ya samu aƙalla ƙofa uku a ɓangarori daban-daban, kowace faɗinta ya kai mita 2, kowace tana buɗewa waje, kuma kada a sa wa ko ɗaya kwaɗo muddin akwai mutane a ciki, ko da an ce ta nan yara suke satar shiga. Kada a yi rabon kuɗi ko abinci ko atamfa a bakin ƙofa. Sahun ƙarshe ya samu kariyar ƙarfe ko bango mai tsayin fiye da mita ɗaya, matakala su samu fitila a ƙasa-ƙasa, a kuma yi hanya mai gangare marar tsini, wadda take hawa mita ɗaya a cikin kowace mita 12, domin masu keken guragu da tsofaffi, tare da keɓe musu wuri a sahun farko.

Makewayi na maza da na mata, da wurin alwala, da ɗan fili mai shimfiɗa don salla, suna cikin ainihin ginin, kuma idan kuɗi ya gaza gara a rage sahu biyu a kan a bar su. A keɓe wa mata da ƙananan yara ɓangare guda mai ƙofarsa, a sa mata 'yan uwansu su kula da shi. Tsaro kuma a ɗora shi a kan 'yan sintirin unguwa waɗanda suka san ɗan kowa, a sanar da ofishin 'yan sanda kafin kowane babban taro. Fitilun sola sun isa hasken hanyoyi da ƙofofi, janareto kuwa a gina masa ɗan ɗaki a bayan bangon fage, nesa gwargwadon yadda waya za ta kai, saboda ƙararsa kada ta haɗiye muryar mai magana. Lasifika a juya bakinta zuwa ga 'yan kallo a kuma sassauta ta, domin ƙananan lasifikoki huɗu da aka rarraba sun fi manya biyu da suke hana jaririn maƙwabci barci.

Jadawali

Da zarar an gama gini, abin da zai raya wurin shi ne mutane su san, ba tare da sanarwa ba, cewa ranar kaza akwai abu kaza. A Nijar, gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya manyan biranen jihohi kuma tana cika fagagen kokawa maƙil, amma fagen da yake jiran irin wannan biki kaɗai zai shafe watanni a rufe. Ƙaramin abu na kowane mako ya fi babban biki na shekara-shekara riƙe wuri. Ana iya ba wa makarantu yammacin Alhamis don muhawara da kacici-kacici da gajerun wasanni, a ba wa marubuta waƙoƙi da masu tatsuniya dare ɗaya, a bar Asabar ga dambe ko kokawa, a kuma ware wa mata wuni guda a wata, su kaɗai, don kiɗan ƙwarya da shantu da baje kolin sana'o'insu. Shekara ma da kanta tana ba da tsari: kaka lokacin dambe da kalankuwa ne, azumi yana zuwa da tashe daga goma ga wata, kwanakin salla kuwa na makaɗa ne, damina kuma a rage taron dare a koma na safe ko a yi gyare-gyare.

Ina ganin wajibi ne a nemo tsofaffin masu fasaha tun suna raye, masu gurmi da garaya da kukuma da kotso, da 'yan kama da 'yan gambara, a ba su fage tare da matasa masu kiɗan zamani a dare ɗaya, domin yaron da ya zo don mawaƙin da yake ji a waya ya tafi gida ya ga yadda ake ɗaure kalangu. A biya su haƙƙinsu a gaban shaida kafin su hau fage. Kayan kiɗan sarauta irin su kakaki da tambari kuwa ba a busa su ko a kaɗa su sai da izinin fada, kuma neman wannan izini girmamawa ce da takan jawo wa dandali goyon bayan masarauta. A jihohin da suke da hukumar tace finafinai da wasanni, kamar Kano, a kai takardar wasa a samu sahalewa tun da wuri. Idan an kira salla a dakatar da komai, kuma lokacin tashi da aka yi alkawari da maƙwabta a cika shi ko da wasa ya yi daɗi.

Mai gabatarwa shi ne rabin taro. A nemi mutum mai murya da sanin ya-kamata, wanda ya san yadda ake gaida hakimi da yadda ake rarrashin yara su zauna, wanda kuma ba zai cinye lokacin 'yan wasa da kirarin masu kuɗi ba. Maganar liƙi ma a tsara ta: dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta a wurin biki, kuma ko ba don doka ba, masu shiga fage suna liƙi suna tare wa jama'a kallo. A ajiye faifai ko ƙwarya a bakin fage, mai kyauta ya sa a ciki, sanƙira ya faɗi sunansa idan an kai gaɓa.

Kuɗi da kulawa

Dandali yana cin kuɗi kullum, na mai shara da mai gadi da man janareto da gyaran fitila, kuma dogaro da gwamnati kaɗai yana nufin wurin zai mutu ranar da aka sauya shugaba. Hanyoyin shigar kuɗi guda uku ne masu tabbas: kuɗin ƙofa mai sauƙi a ranakun dambe da kiɗa, hayar wurin ga masu walima da taron ƙungiyoyi da bikin yaye ɗalibai, da ɗan abin da masu tsire da shayi da fura da ƙosai za su riƙa bayarwa a mako. Ranakun makarantu da na yara a bar su kyauta. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a kuma manna lissafin shiga da fita a jikin allo a bakin ƙofa kowane wata, domin zargi yana rusa kwamiti fiye da talauci. Taron siyasa kuwa, ko dai a buɗe wa kowace jam'iyya a kan farashi ɗaya da sharaɗi ɗaya, ko a rufe wa kowa, kuma ni na fi karkata ga rufewa, saboda fentin jam'iyya idan ya hau bango rabin gari ne yake daina zuwa.

Masu sayar da abinci a ba su rumfuna na wucin gadi a waje da katanga, kada a yarda a gina shago ko ɗaya na bulo a jikin filin. Shago ɗaya yakan haifi goma, kuma kuɗin hayarsa yana da daɗin da zai sa wata rana wani ya kawo shawarar a rage fage don a ƙara layi. A rubuta wannan hani a cikin tsarin mulkin kwamiti, a kai kwafinsa ofishin hakimi da na ƙaramar hukuma.

Aikin gyara yana bin yanayi. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a yashe magudana, a duba tsagewar dakali a cike ta, a sabunta yaɓen bangon da yake kallon gabas, a sassabe rassan da iska za ta iya karyawa. Bayan ruwa ya ɗauke a watan Oktoba a cire ciyawar da ta tsiro a tsakanin bulo tun saiwarta ba ta yi ƙarfi ba, a tankaɗe yashin fage a fitar da ƙusa da fasassun kwalabe, a ƙaro sabon rairayi, sa'an nan a wanke allunan sola, waɗanda da hunturu suke buƙatar gogewa kusan kowane mako saboda ƙura. A raba waɗannan ayyuka ga ƙungiyoyin da suke amfani da wurin kyauta, a rubuta sunan kowace ƙungiya da aikinta da watanta a kan allon bakin ƙofa, kusa da lissafin kuɗi.